Yayar da Ta Koya Mana Kallon Kogi

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Satumba, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda ɗalibanta ke kira Malama, mutanen bakin ruwa kuma suke ce wa Mai Kogi. Ina kan keken ɗinki, na ɗora ƙafa ke nan zan kashe bakin wata riga, 'yarta ta fari ta kira ni a waya. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Kawu, Umma ta cika." Na ajiye wayar a kan yadin, na daɗe ina kallon allura, na rasa ta inda ake fara miƙewa.

Yaya, ni tela ne, ba marubuci ba. Ɗalibanki za su rubuta abin da kika yi a fagen ilimi, kuma sun fi ni sanin sunayen abubuwan. Ni abin da na gani da idona zan faɗa.

Mutane da yawa ba su san ainihin aikinki ba, har a cikin dangi. Inna, mahaifiyarmu, in an tambaye ta sai ta ce, "Tana koyarwa a jami'a, amma rabin ranta a cikin taɓo yake." Kuma ba ta yi ƙarya ba. Kin ƙare rayuwarki kina nazarin yadda ruwa mai gudu ke cin ƙasa a wani wuri ya kai ta wani wuri, yadda yake sassaƙa dutse, yadda yake sauya fuskar gari ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Ni kuwa ta aljihu na fara sanin aikin naki. Duk rigar da na ɗinka miki, ba ta daɗewa sai kin dawo da ita aljihun ya ɓarke. Na yi zaton zarena ne ba shi da ƙwari, har na sauya wurin saye. Ashe duwatsu kike cusawa. Ranar da na gane, na ce miki ni ban taɓa ganin mace mai digiri uku tana yawo da tsakuwa kamar mai shirin jifan tsuntsaye ba. Kika yi dariya har kika dafa teburin yanka, kika ce to in riƙa yi miki aljihu da yadin katifa. Haka kuwa na yi ta yi har rigarki ta ƙarshe.

A ranar da na gane ɗin ne kika zaro dutse ɗaya kika ɗora mini a tafin hannu. Sumul yake kamar ƙwai, baƙi, da farar jijiya ta ratsa shi. Kika ce irin wannan dutsen babu shi a ƙasar garinmu, sai a tsaunukan da ke can nesa inda kogin ke fitowa. Kika ce lokacin da ya ɓalle daga uwarsa yana da kaifi da kusurwoyi, zai iya yanka ƙafa. Ruwa ne ya yi ta mirgina shi, damina bayan damina, yana goga shi da 'yan'uwansa, ya ajiye shi ya huta shekaru a wani lungu, ya sake ɗauka, har ya iso bayan kasuwarmu babu sauran kaifi. Na tambaye ki tsawon lokacin da tafiyar ta ci. Kika ce ƙila tun kafin a kafa garin nan yake kan hanya. Na tsaya riƙe da shi, ga almakashi a ɗaya hannun, na ji kamar an buɗe wata taga a bangon shagona.

Na taɓa kai miki ɗinki ofis na tarar ba kya nan, aka nuna mini ɗakin gwaji. Dogon ɗaki ne mai warin jiƙaƙƙen yashi, a tsakiyarsa akwai wani kwami na ƙarfe kamar doguwar kwatarniyar shayar da dabbobi, an cika shi da rairayi, an ɗan ɗaga kansa ɗaya. Ɗalibai sun kewaye shi. Kika ja layi miƙaƙƙe da yatsa daga sama zuwa ƙasa, kika buɗe famfo kaɗan, kika ce kowa ya yi shiru ya kalla. Na ce a raina bari in jira minti kaɗan in karɓi sallama in tafi. Sai da aka kira la'asar ina tsaye a wurin. A gaban idona ruwan ya ƙi bin layin da kika ja masa. Ya fara karkata, ya ci gefe ɗaya, ya zubar da abin da ya ci a ɗaya gefen can gaba kaɗan. Lanƙwasar ta yi ta girma har ta zama kamar wuyan tulu, sannan ruwan ya huda wuyan ya wuce, ya bar tsohuwar hanyar ta zama ɗan tafki. A ƙarshen kwamin kuma yashi ya bazu kamar an buɗe mafici. Kika ce wa ɗaliban, abin da suka gani a yini guda shi babban kogi ke yi a cikin ɗaruruwan shekaru, bambancin kawai shi ne mu ba ma daɗewa mu ga ƙarshen aikin. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, to wa ya gaya masa ya lanƙwasa?" Kika ce wannan ita ce tambayar da ta hana ki barci tun kina shekarunta, kuma duk abin da kika karanta bai rage miki mamakin ba, ƙara shi ya yi.

Shekarar da matata ta rasu, na rufe shago na zauna a ɗaki, ba na son ganin kowa. Dangi sun yi ta zuwa da nasiha, ina jin su kamar daga cikin rijiya. Ke ba ki yi mini nasiha ba. Kin zo da mota da sassafe kika ce direbanki ba shi da lafiya, kina bukatar mai riƙe miki sandar awo. Daga baya na ji lafiyarsa ƙalau, hutu kika ba shi. Muka yi ta tafiya har kwalta ta ƙare, muka bar motar muka bi sawun shanu, har muka iso bakin wani kwazazzabo. Ban taɓa ganin abu irinsa ba. Ƙasa ta tsage gida biyu, bangayen dutse sun miƙe tsaye hagu da dama, sun fi duk wani bene da na sani tsawo, layi a kan layi, ja da fari da ruwan toka, kamar an jera yadudduka a kanta. Can ƙasa, ruwan da ya yi wannan aikin bai fi a tsallake shi da ƙafa ba. Na ce ba zai yiwu ba. Kika ce ruwa shi kaɗai ba zai iya ba, yashin da ke cikinsa ne haƙoransa, sai kuma lokaci, wanda Allah bai ƙayyade masa shi kamar yadda Ya ƙayyade mana ba.

Muka sauka. Kika nuna mini ramuka a jikin dutse, zagayayyu, masu santsi kamar cikin turmi, kowanne da 'yar tsakuwa kwance a gindinsa. Kika ce ita ce ta haƙa, ruwa na juya ta a wuri ɗaya har ta huda dutsen da guduma ba ta iya fasawa. Da muka hau ɗaya gefen, can sama inda iska ke kaɗa mutum, kika durƙusa kika tono tsakuwa mai santsi daga ƙarƙashin ciyawa. Kika ce nan ma gadon kogin ne a da, a nan yake gudu kafin ya nutsa zuwa inda yake yanzu. Na dubi inda muke tsaye, na leƙa inda ruwan yake, jiri ya ɗebe ni. Na zauna a kan dutse na yi kukan da ban iya yi ba tun ranar jana'iza. Kika zauna gefena kina tasbihi a hankali. Washegari na buɗe shago.

Amma abin da garinmu ba zai manta da ke a kansa ba shi ne maganar maƙabarta. Tsohuwar maƙabartarmu tana kan gaɓar kogi, daidai inda yake yin gwiwa, kuma a nan mahaifinmu yake kwance, da kakanninmu, da iyayen kusan kowa a unguwa. Wata rana bayan damina kin je ziyara, kika ga wata siririyar tsaga a ƙasa tana bin tsawon gaɓar, ga bishiyoyin bakin ruwa sun fara sunkuyawa. Kowa ya ga tsagar, ana tsallake ta ana wucewa. Ke kika san me take nufi. Kin yi makonni kina awo, sannan kika tara dattawan unguwa a zauren Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan a lokacin. Kika gaya musu maƙabartar tana bayan gwiwar kogi, inda ruwa ya fi gudu da ƙarfi, yana cin gaɓar ta ƙasa inda ido ba ya gani. Kika ce ba ki san shekarar ba, amma ba za a daɗe ba gefen da kaburbura suke zai faɗa ruwa, kuma shawararki ita ce a nemi izinin malamai a mayar da mamatan kan tudu.

Ban taɓa ganin fuskar Baffa ta yi irin wannan baƙin ba. Ya ce tun yana yaro kogin yana wurin, maƙabartar tana wurin. Wani ya kawo shawarar a haɗa hannu a gina katangar siminti a jikin gaɓar, kowa ya yi na'am, aka ce ke za ki sa hannu a kai wa hukuma tunda maganarki tana da nauyi a can. Kika ƙi. Kika ce katangar ba za ta kashe ƙarfin ruwan ba, tunkuɗa shi za ta yi zuwa gaba, ya je ya daki ɗaya gaɓar inda masunta da masu wanki suka gina gidajen ƙasa, da yaransu a ciki. Kika ce, "Baffa, ba zan tsare kabarin Baba da gidan mai rai ba. Shi kansa ba zai yarda ba."

Abin da ya biyo baya ya yi miki ɗaci, na sani, ko da yake ba ki taɓa faɗa ba. An ce boko ya kai ki har kina son tone ubanki. Wasu matan dangi suka daina amsa gaisuwarki. Inna ta yi shiru, shirun da ya fi faɗa ciwo. Ni kaina, da nake tare da ke, sai da gabana ya riƙa faɗuwa in na tuna abin da ake shirin yi.

Ba ki yi musu da kowa ba. Da ruwa ya ja baya, kika je har gida kika durƙusa kika roƙi Baffa alfarma ɗaya, ya shiga kwalekwale tare da ke. Tsoho ne mai tsoron ruwa, amma kunyar 'yar ɗan'uwansa ta sa ya yarda, ni ma na bi ku don in riƙe shi. Wani masunci ya tuƙa mu a hankali har ƙarƙashin gaɓar. Daga sama ƙasa ce daram, mutum ya yi tsalle a kanta ba ta motsi. Daga ƙasa kuwa kogo ne. Ruwa ya kwashe cikinta, ya bar rufi kawai, saiwoyi suna reto a kanmu kamar igiyoyi, ƙasa tana zubowa kaɗan kaɗan cikin jirgin. A can cikin bangon, sama da kawunanmu, ga bakin itatuwan wani tsohon kabari sun leƙo. Baffa ya daɗe yana kallo. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban yara ba. Da muka fito tudu bai ce miki kin yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi da ni in kai shi gidan liman.

Malamai suka duba suka ba da izini, tunda lalura ce. A cikin rani aka yi aikin, a natse, da sabon likkafani da addu'a, kowane gida da mazajensa. Ke kika zaɓi wurin, tudu mai taurin ƙasa nesa da hanyar ruwa, kika sa aka shuka ciyawar jema a gangarensa don kada ruwan sama ya zaizaye shi. Ranar da aka ɗauke Baba kina tsaye daga nesa a ƙarƙashin wata bishiya, tun safe har aka gama, ba ki zauna ba. Da yamma Inna ta aiko a kira ki. Ta kama hannunki ta riƙe, ta ce Allah Ya yi miki albarka. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma na ga ya ishe ki.

Damina ta zo ta wuce, gaɓar ba ta faɗi ba, masu magana suka samu abin faɗa. Ta biyu ce ta zo da ruwan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Da rana tsaka aka zo ana cewa tsohuwar maƙabarta tana tafiya. Muka tsaya daga nesa, jama'a maƙil. Kogin ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa sukutum. Tsagar nan da muke tsallakewa ta buɗe baki a hankali, sannan wani yanki na ƙasa mai faɗin fili, da bishiyoyinsa a tsaye, ya sulale ya zauna cikin ruwa da wata ƙara da na ji ta a tafin ƙafata kafin kunnena. Kafin a gama salati babu alamarsa. Wurin da Baba ya kwanta shekara da shekaru ya zama tsakiyar kogi. Mutane suka juyo suna kallonki. Na zaci zan ga alamar nasara a fuskarki, sai na ga hawaye, leɓunanki na motsi. Daga baya na tambaye ki me kike faɗa. Kika ce girman Allah kike ambata, don duk lissafin da kika yi a takarda bai shirya ki ga ganin abin da ido ba.

Gidajen masunta ba su taɓu ba. Da ruwa ya janye, a cikin gwiwar kogin ta ɗaya gefen sai ga sabon fili na laka mai laushi, inda a da ruwa ne. Kika kai ni kika ɗebo ta a hannu, kika ce wani ɓangarenta ƙasar tsohuwar gaɓarmu ce da ta wasu garuruwa da ke sama da mu, kogi ya ɗauka can ya sauke nan. Yau albasa da tumatir ake nomawa a wurin.

Alherinki bai tsaya a manyan abubuwa ba. Akwai bazawarar da ramin zaizayar ruwa ya ci har gindin katangarta, kowa na ce mata ta tashi, alhali ba ta da inda za ta. Kin je da ɗalibanki ranar hutu, kuka bi ruwan har inda yake farowa, kuka tarar ruwan indararon gidajen da ke kan tudu ne ke haɗuwa a lungu ɗaya. Kuka raba masa hanya, kuka jera duwatsu a cikin ragar waya, kuka shuka ciyawa. Ramin ya tsaya, har ya fara cikewa da yashin da shi kansa yake kawowa. Matar ta zo gaisuwa jiya, ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi shiga, ta ce ita ba ta da abin faɗa, ta zo ne kawai a gan ta. Ɗakin baƙinki kuwa bai taɓa zama babu wata ɗaliba da ta rasa wurin kwana ba. Maigidanki yakan yi wasa ya ce shi bai san adadin 'ya'yansa ba sai an zo cin abinci. Kina da zafi in aka yi ha'inci a awo, ɗalibai suna tsoron jan biron nan naki, amma ban taɓa jin kin wulaƙanta mai tambaya ba, ko da yaro ne, ko da tela ne.

Ciwon bai ba mu dogon lokaci ba. Zuwana na ƙarshe asibiti, na tarar kin rame, muryarki ta yi ƙasa, sai na sunkuya nake ji. Na zo da maganganu a bakina, na godiya da na neman gafara, amma kika riga ni. Kika tambaye ni ko ta gada na biyo, na ce e. Kika ce, "Wane launi ne ruwan yau?" Na ce ja ne, kamar an jiƙa bulo. Kika lumshe ido kika yi murmushi, kika ce to an yi ruwa a tsaunukan gabas ke nan, don can ne ƙasa take ja, in na yamma ne da ya zo da launin toka. Kina kwance tsakanin bango huɗu, ga robar ƙarin ruwa a hannunki, amma kina ganin hadarin da ya zuba a wurin da mota ke yini kafin ta kai. Na fita na tsaya a baranda, na rasa abin da ya fi yawa a zuciyata, baƙin ciki ko mamaki.

An yi miki sutura a ranar da kika cika, bayan azahar. Na ga manyan malamai na jami'a da masunta da ƙafafunsu ba takalmi a sahu ɗaya. Na ga tsofaffin ɗalibanki, wasu da furfura, suna kuka kamar yara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda Allah Ya ƙaddara za ta ga wannan rana da tsufanta, Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya ba ta ladan haƙuri. Ina miƙa ta ga maigidanki, wanda ya yi shekaru yana wanke taɓo daga motarsa bai taɓa ƙorafi ba, Allah Ya ba shi juriyar zama a gidan da babu muryarki. Ga 'ya'yanki da jikokinki, na ciki da waɗanda kika riƙa, ku sani kawunku yana nan, ƙofarsa a buɗe take. Ga ɗalibanki da abokan aikinki, da mutanen bakin ruwa na gaɓa biyu, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka. Ta yi rayuwarta tana duban aikin hannunKa, kuma duk abin da ta gano bai ƙara mata komai ba sai tsoronKa. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa ilimin da ta bari ya riƙa isa gare ta. Ta tsare mutuncin matattu, ta ƙi cutar da masu rai, Ka tsare ta daga azaba. Ka haɗa ta da iyayenmu da suka rigaya a gidan rahama, Ka saukar da ita a Aljannar da ƙoramu ke gudana a ƙarƙashinta. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.